Aga Heshmat Ya Samu Izinin Hawan Damawand

A ƙauyen Rine da ke gindin dutsen Damawand akwai wani tela da ake kira Aga Heshmat, wato Malam Heshmat. Ɗinkinsa ba laifi, sai dai in ka kai masa wando ka shirya jin labari kafin ka karɓi abinka. Shagonsa na bakin hanyar da masu hawan dutsen ke bi, duk wanda rigarsa ta yage ko jakarsa ta ɓarke nan yake tsayawa. Heshmat yana taka keke yana kasa kunne, baƙi na juya baya labarinsu ya zama nasa. A haka ya hau Damawand sau bakwai, alhali ƙafarsa ba ta taɓa wuce garken tumakin da ke bayan maƙabarta ba.

Mutanen Rine sun san halinsa, sun bar shi da abinsa. Rigimar daga Tehran ta taso. 'Yarsa Mahnush tana aure a can, ita kuwa tun tana ƙarama duk abin da ya fito daga bakin babanta gaskiya ne. Ta cika gidan surukanta da labarin jarumtarsa, har uban mijinta, Aga Manucher, wani tsohon ma'aikacin banki mai fama da ciwon gwiwa, ya yi takanas ya zo Rine a tsakiyar hunturu don ya zauna da gwarzon.

Da yamma Heshmat ya kai baƙonsa shagon shayin Mashti Kudrat, inda mazan ƙauye ke taruwa su kewaye murhu. Ya saka ɓallin sukari a baki, ya kurɓi shayi, ya fara bayanin yadda bakin dutsen ke fitar da hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da yadda ya taɓa gasa dankali a wurin.

Aga Manucher ya ce, "An ce da rani kowa na hawa. Da hunturu fa, Aga Heshmat?"

"Hunturu ai shi ne lokacina. Rani na bar wa yara da 'yan Tehran." Ya tuna daga inda baƙon ya fito, ya ƙara da cewa, "Wato ƙananan 'yan Tehran."

"To me zai hana ka hau mu gani? Ina nan har ƙarshen wata. In ɗauki hotonka in rataye a falo, kowa ya ga irin gidan da ɗana ya yi aure."

Mashti Kudrat ya tsaya da buta a hannu. Heshmat ya tauna sukarin, shi dai bakinsa bai taɓa barin sa a hanya ba.

Ya ce, "Izini. Da hunturu ba a hawa sai da takarda daga ofis, su kuwa mutanen nan ba za su ba ni ba. Hassada ce zalla. Tsoro suke in kunyata jagororinsu."

Daga lungu wani ya yi gyaran murya. Aga Nosrat ne, jami'in ofishin da ke kula da masu hawa, yana ɓare gasassun 'ya'yan kabewa a hankali.

Ya ce, "Ka taɓa nema?"

"Me zai sa in nemi abin da na san za a hana ni?"

"Gobe da safe ina ofis. Ka zo da takardar likita, da kayan hawanka in duba, da sunan wanda zai raka ka. Da hunturu ba mai hawa shi kaɗai."

A hanyar gida Heshmat ya tsara dabara, har ya ji ta burge shi. Zai nemi izinin da ƙarfinsa, a gaban kowa, amma zai yi yadda dole a hana shi. In aka hana, laifin ofis ne, shi kuwa ya samu labarin da zai ci har bazara.

Da likita ya fara. Ya taɓa jin cewa gishiri na tayar da jini, saboda haka da safe ya buɗe tulun tafarnuwar da matarsa Turan ta jiƙa a ruwan tsami, ya shanye ruwan, ya bi da shayi mai kauri har sai da hannunsa ya fara rawa. Da ya isa asibitin ƙauye ya hau matakala da gudu, ya sauko, ya sake hawa, sannan ya faɗa ɗakin likita yana haki.

Likitar ta toshe hanci, ta buɗe taga duk da sanyin da ake yi, ta ɗaura masa abin awo a hannu. Ta duba, ta sake dubawa.

"Aga Heshmat, me ka yi wa kanka?"

Ya langaɓar da kai, ya ce, "Faɗa min gaskiya, likita. Zan iya ɗauka."

"Shekara da shekaru jininka a ƙasa yake, ina ta fama da kai. Yau ya hau daidai inda ake so. Duk abin da ka sha, ka ci gaba da sha."

"Ba ki ji ƙirjina na kuka ba?"

"Tafarnuwa ce." Ta buga hatimi, ta miƙa masa takarda, ta nuna masa ƙofa da sauri.

Bai karaya ba, saura kayan hawa. Ya kwana biyu yana ɗinki. Ya yanka tsohon bargon auduga mai furanni ja ya yi riga da wando a haɗe. Ya samo takalman sojan gwanjo ya kafa musu ƙusoshi ta ƙasa. A maimakon gatarin sarar ƙanƙara ya ɗauki 'yar gudumar da Turan ke fasa dunƙulen sukari da ita. Ya saka duka ya ratsa tsakiyar ƙauye, karnuka na bin sa da ido, ya shiga ofis. Taku na biyu ƙusoshin suka kafe a katakon ƙasa, ya tsaya cak a tsakar ɗaki kamar an dasa shi.

Aga Nosrat ya ɗago kai ya kalle shi daga sama har ƙasa.

"Wannan mene ne?"

"Kayan mutanen dā. Da irinsu kakanninmu suka hau, ba da robobin nan na yanzu ba."

"Kakanninku da gudumar sukari suka hau?"

"Dutse bai san bambanci ba."

"Ni na sani. Da kayan nan ko bayan gida ba zan bar ka ka fita da hunturu ba. Cire takalman ka bar su nan, sai kafinta ya zo."

Heshmat ya fita da safa, ransa fari ƙal. Kai tsaye ya wuce shagon shayi, ya tsaya a tsakiya cikin rigar bargo yana ɗaga hannu.

"Kun gani ko? Na faɗa muku. Likita ta ce ƙirjina na ɗan shekara ashirin ne, amma sun hana ni saboda ba ni da kayan masu kuɗi. Talaka ba shi da dutse a ƙasar nan."

Ya yi jawabin da kyau, har ya wuce yadda ya so. Aga Manucher ya share ƙwalla. Mashti Kudrat ya ajiye buta, ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. Shekaru suna shan labarin dankalin da aka gasa a bakin dutse, yau ga dama ta samu.

Mashti ya ce, "Ba za a yi wannan zalunci muna raye ba. Ina da takalman da wani baƙo ya bari."

Wani ya ce yana da rigar gashin tsuntsu. Wani ya ce gatarinsa na nan a rataye. Kafin la'asar an tara kaya a ƙofar gidan Heshmat har da tanti da tabarau da ƙarafunan da ake ɗaura wa takalmi. Heshmat ya tsaya a kansu yana godiya da muryar mai karɓar gaisuwar mutuwa.

Ya ce wa Turan, "Allah sarki, sun yi ƙoƙari. Sai dai abokin tafiya. Wa zai yarda ya bi ni a sanyin nan? Ba zan ɗauki alhakin ɗan kowa ba."

Turan ba ta ɗago daga shinkafar da take tsincewa ba. Ta ce, "Na yi wa Safar magana."

Safar ƙanenta ne, mai alfadarai, wanda ke kai wa masu hawa kaya.

"Safar na da iyali, Turan."

"Kai ma kana da su. 'Yarka ta bugo waya, ta ce dangin mijinta kaf sun ji, har da na Isfahan. Ka san bakin uwar mijinta. Ko dai ka hau, ko ka je ka faɗa wa Aga Manucher gaskiya. Kuma ka dawo min da gudumata."

Abin da ya rage masa sama ce. Ya yi ta addu'a Allah ya kawo guguwar da za ta rufe hanya. Gari ya waye garau, sama shuɗiya, dutsen ya fito fari tas har ana hango ɗan hayaƙin da ke tashi a kansa. Tsofaffi suka ce rabon da su ga irin wannan yanayi a hunturu tun suna samari. Aga Nosrat ya buga hatimi a takardar izini, ya kawo ta har shago da kansa.

"Ga ta. Ka ga hassada ta ƙare."

Ranar Laraba duk ƙauye ya fito rakiya. Aka ɗaga Alƙur'ani ya wuce ta ƙarƙashinsa, Turan ta zuba ruwa a bayansa kamar yadda ake yi wa matafiyi. Ya yi gaba kaɗan, sai ya tuna bai yi jawabin bankwana ba. Ya juyo ya ɗaga gatari.

"Jama'ar Rine, ranar Juma'a war haka za ku ji muryata daga ƙololuwa. In kuwa ban dawo ba, ku faɗa wa jikokina cewa..."

Ruwan da aka zuba ya riga ya daskare. Ƙafafunsa suka yi sama, gatarin ya yi gabas, jakar bayansa ta riƙe shi a ƙasa yana wutsil-wutsil kamar kunkurun da aka kifar. Maza huɗu suka ɗaga shi.

Ya ce, "Gwada jakar nake. Tana da kyau."

Suka kama hanya shi da Safar da alfadari. Suna shan kwanar da ta ɓoye su daga ƙauye, kusa da wata bukkar makiyaya, Heshmat ya zauna a kan dusar ƙanƙara yana numfashi da baki.

"Safar, ƙanena, ka san ina ƙaunarka."

"Me kake so, yaya?"

"Akwai itace a bukkar nan, ga abinci a jaka. Ka zauna ka huta. Ni zan bi wata tsohuwar hanya da ba kowa ya sani ba. Ranar Asabar in dawo mu sauka tare."

Safar ya dubi inda yake nunawa. "Wannan hanyar ƙasa take yi. Abgarm take zuwa."

"Ta ƙasa take farawa. Zan ɗinka maka kwat, mai shafi."

"Da aljihu a ciki?"

"Biyu."

Safar ya sauke kaya.

Sabuwar dabarar ta fi ta farko daɗi. Abgarm gari ne na ruwan zafi da ke ɓulɓulowa daga gindin dutsen, kuma ruwan warinsa ɗaya da hayaƙin ƙololuwa. Zai ɓuya a can ya jiƙu, ranar Juma'a ya buga waya, ya koma gida yana warin dutse, wa zai musa?

Ya ɗaura ƙarafunan takalmin a baibai, haƙoransu na kallon baya. Bai yi nisa ba wani karen makiyaya ya hango shi. Heshmat ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba a zuciyarsa, amma ƙafar ta harɗe, ya zauna a kan jaka, jakar ta zama mota. Ya gangara kwari yana salati, ya ratsa gonar wani, ya tsinke igiyar shanya, ya tsaya a bayan wani masauki da zanen gado naɗe a kansa. Ya ga zanen ya zo daidai, ya ƙara rufe fuska da shi ya shiga.

Ya maƙe murya ya ce, "Ɗaki nake so mai wurin wanka. Baƙo ne daga Tehran, ciwon haƙori nake."

Mai masaukin ya ce, "Sannu da zuwa, Aga Heshmat. Ya jikin Turan Hanum?"

"Ka yi kuskure."

"Wandon nan da ke jikina kai ka ɗinka. Duba, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

Heshmat ya sauke zanen. Ya yi alkawarin daidaita ƙafafun wandon kyauta, da sharaɗin mai masauki zai kama bakinsa.

"Kada ka ce wa kowa komai. Komai."

"An gama."

Kwanakin nan Heshmat bai taɓa jin daɗi irinsu ba. Ya ci gasasshen naman kabab da gurasa mai zafi, ya yi barci, ya sauka ƙasan gidan inda aka yanka ɗakunan wanka, kowanne da ƙaramin tafkinsa, bango mai tsawon mutum ya raba su, samansu a buɗe. Ya jiƙu har yatsunsa suka yi tamoji.

Abin da bai lissafa ba shi ne Juma'a ranar hutu ce. A Rine gwiwar Aga Manucher ta tashi saboda tsayuwar da yake yi a sanyi yana hangen dutse. Mashti Kudrat ya ce ai magani na nan kusa, aka cika motoci da maza da mata, har da Aga Nosrat da Turan, aka nufi Abgarm. Mai masauki ya karɓe su, ya ba maza babban tafki, mata na can ƙarshe, ya kama bakinsa kamar yadda aka ce masa.

Bayan azahar Heshmat ya sauko da waya a hannu. Ya ji motsin mutane a ɗakin kusa, ya ɗauka baƙi ne. Ya shiga ruwa har wuya, tururi ya lulluɓe shi, ya kira surukinsa. A bayan bango waya ta yi ƙara, amma shi yana can yana gwada haki bai kula ba.

"Aga Manucher... kana jina? Daga ƙololuwar Damawand nake magana."

Aga Manucher na zaune a bakin tafki, ƙafarsa a ruwa. Ya ji muryar a kunnensa na dama, ya kuma ji ta a na hagu tana saukowa ta saman bango. Ya cire wayar daga kunne, muryar ba ta tsaya ba. Ya buɗe baki, Mashti Kudrat ya ɗora yatsa a leɓe. Maza suka matso a hankali, ruwa na ɗiga daga gemunsu.

Aga Manucher ya ce, "Masha Allah. Ya sanyi?"

"Kada ka tambaya. Gashin bakina ya zama itace. Yatsuna ba na jin su."

"Ina jin kamar motsin ruwa."

"Ƙanƙara ce ke narkewa a inda na tsaya. Zafin jikina ne, haka nake tun ina yaro."

Wani tsoho ya cusa tawul a baki. Aga Nosrat ya nutse cikin ruwa, kumfa na tasowa a inda yake.

"Me kake gani daga can?"

"Komai. Ga hayaƙi ya kewaye ni, ga wari. Ga Tehran can kamar faranti. In na juya ga teku."

"Mu fa, kana ganinmu?"

"Kamar tururuwa. Ɗaga hannu in gani." Ya ɗan jira. "Na gan ka. Kai ne mai hula."

Aga Manucher ya shafa sanƙonsa. Ya miƙe a hankali, ya manta da gwiwa, ya taka dakalin da ke jikin bango, ya leƙa. Ga gwarzon Damawand kwance a ruwa, ido a lumshe, ƙafa ɗaya a kan ɗaya, farantin lemo a gefensa.

Ya ce, ba ta waya ba, "Aga Heshmat, tunda kana sama da kowa, miƙo mana sabulu."

Heshmat ya buɗe ido. Wayar ta sulale ta faɗa ruwa. Kan surukinsa ne a saman bango, sai na Mashti Kudrat ya ɓullo a gefensa, sai wani, sai wani, har bangon ya cika da kawunan mutanen Rine. Dariyar da aka daɗe ana dannewa ta fashe, ginin ya ɗauka.

Da wani ne ba Heshmat ba, da nan ya nutse ya huta. Shi kuwa ya jawo tawul ya rufe ƙirji, ya jira dariyar ta lafa, ya girgiza kai kamar mai tausayin jahilai.

"Ku yi dariya. Ba ku san abin da ya same ni ba. Ina tsaye a bakin ramin dutsen, ƙafata ta zame, na faɗa ciki. Na yi ta tafiya a cikin duhu, ruwa ya ɗauke ni, sai ga ni na ɓullo a nan. Da kuna tsammani daga ina ruwan zafin nan yake fitowa?"

Mashti Kudrat ya ce, "Kayanka fa?"

"Sun ƙone a hanya."

"Lemon fa?"

"A ciki na tsinta."

Aga Manucher ya zame daga bango, aka ji faɗawarsa a ruwa yana shiɗewa da dariya yana kiran sunan Allah. Aga Nosrat ya share fuska, ya daidaita murya irin ta ofis.

"Aga Heshmat, izinin hawa na ba ka. Shiga cikin dutse takardarsa daban. Ka zo ofis mu yi magana."

Aka sake kecewa. Heshmat ya buɗe baki zai ba da amsa, sai wata murya ta ratso tururi daga ɓangaren mata, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji ta.

"Heshmat."

"Na'am, Turan."

"In ka gama fitowa daga cikin dutsen, ka saka wando ka je ka ɗauko min ƙanena."

Haka aka yi. Da yammacin nan telan Rine ya hau zuwa bukkar makiyaya da ƙafarsa, yana tafe yana hutawa, motocin ƙauye na jere a bakin titi suna masa oda. Aga Manucher ya ɗauki hotonsa ta baya, yana rarrafe a kan ƙanƙara da hannu da gwiwa. Ya kai hoton Tehran ya rataye a falo, kuma duk baƙon da ya tambaya sai ya ce surukinsa ne a kan Damawand da hunturu. Bai yi ƙarya ba, don haka Mahnush ba ta ji kunya ba.